Rijiyarmu ta gurɓace bayan ruwan daren Talata, alhali ambaliya ba ta shigo gidan ba

Baban Biyu, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina roƙon masu sani su warware mini. Rijiyar gidanmu a nan Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, ta haura shekara ashirin, tun mahaifinmu yana da rai aka haƙa ta. Gaba shida ce, an ɗaure bakinta da bulo, tana da murfin katako. Ruwanta garau yake, maƙwabta ma nan suke ɗiba idan pampo ya ɗauke. To ruwan da aka tafka daren Talata, wanda ya sa Pelele, rafin unguwarmu, ta cika ta tumbatsa, da gari ya waye uwar yara ta ja guga, ruwan ya fito ja-ja kamar an dama koko da jar ƙasa. Muka bar shi kwana biyu ya kwanta, ya washe, muka ci gaba da sha. Ranar Juma'a ɗaya daga cikin tagwayena ya fara gudawa da amai, sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Yanzu Alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ambaliya ba ta taka ƙofar gidanmu ba, muna kan tudu, murfin rijiyar kuma yana rufe. To ta ina dattin ya shiga?

Hajiya Mai Koko, Asawase:
Wa alaikumus salam. Sannu Baban Biyu, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ni ma ina jiran amsar nan, don tamu rijiyar haka take yi duk damina, kuma da ruwanta nake gasara.

Dattijon Yalwa:
Ruwa ba ya tsami banza. Amma kada a yi saurin ɗora wa rijiya laifi. Yaro yana iya cin wani abu a waje. Mu da muka tashi a garin nan, a rafin Aboabo muka yi wanka, muka kama tarwaɗa, mata suna wanki a bakinsa. Babu wanda ya auna mana komai, ga mu nan da ranmu.

Ɗalibar Ruwa:
Sannu da jinya Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ina karatun digiri na biyu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kan ruwan rijiyoyi, to bari in faɗi abin da na sani. Kafin nan ina da tambaya uku. Taku nawa ne tsakanin rijiyar da salga, taku ko ta maƙwabta? An dafe kewayen bakin rijiyar da siminti ko ƙasa ce? Sannan bangon rijiyar daga ciki, an yi masa zobe har ƙasa ko sama-sama aka ɗaure?

Baba na Yalwa, gaskiyarku ce, ba za a rantse cewa rijiyar ce ta kwantar da yaron ba sai an gwada ruwan. Amma rafin da kuka yi wanka a cikinsa ba shi ne na yau ba. A lokacinku daji ne da gonaki a bayansa. Yau duk gotar da ke Aboabo da Sawaba da Asawase cikinsa take zuba.

Baban Biyu, Aboabo:
Na fita na auna yanzu. Daga rijiya zuwa salgarmu taku goma sha huɗu. Ta maƙwabcinmu tana bayan katanga, ba za ta wuce taku tara ba, kuma gidansa ya ɗan fi namu tudu. Bakin rijiyar akwai siminti amma ya tsattsage, har ciyawa ta fito a tsagar. Zobe kuwa uku ne daga sama, sauran ƙasa ce zalla.

Ɗalibar Ruwa:
To Yaya, kusan ka ba kanka amsa. Murfi yana tare abin da zai faɗo daga sama ne kawai. Ruwan rijiya ba daga sama yake shiga ba, ta gefe da ta ƙasa yake tsattsafowa.

Idan aka yi ruwan sama, kashi uku yake rabuwa. Wani rana ta ɗauke shi ko itatuwa su sha. Wani ya gudu a bisa ƙasa ya faɗa gota, ya tafi rafi. Wani kuma ya nutse, ya bi ta cikin jar ƙasar nan tamu, ya isa inda ruɓaɓɓen dutse yake riƙe da ruwa kamar soso. Rijiyar hannu wannan soson take tatsa. Da rani ruwan yana can ƙasa, akwai tazara tsakaninsa da gindin ramin salga, ƙasar da ke tsakani tana tace ƙazantar a hankali. Da damina ta kankama sai ruwan ƙasa ya taso. Idan aka tafka irin na daren Talata, yana iya tasowa har ya taɓa gindin salgar, ko ruwan da ke nutsewa ya wanko abin da ke cikin ramin ya gangaro da shi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ma gangara yake bi, bai san katanga ba. Shi ya sa salgar maƙwabcinka da ke sama da kai ta fi taka ba ni tsoro. Abin da aka saba ba da shawara shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da salga, kuma rijiyar ta kasance a sama. Taku tara bai kai ko sulusin haka ba.

Jan da ka gani kuwa, ina zaton ta tsagar simintin nan ya bi. Ruwan tsakar gida ya taru a bakin rijiyar, ya sulale ta bayan zobba ukun, ya kankaro jar ƙasa ya zuba ciki. Duk abin da ke tsakar gida, kashin kaji, na awaki, wankin kashin yara, tare suka shiga.

Abin da na fi so kowa ya riƙe shi ne washewar da ruwan ya yi bayan kwana biyu ba ta nufin ya gyaru. Laka ce ta kwanta. Ƙwayar cuta ba ta da launi.

Mai Haƙa Borehol, Tafo:
Duk wannan dogon bayani maganinsa ɗaya ne: a daina shan rijiyar hannu. Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki. Ka huda ƙasa mita arba'in, hamsin, sittin, ka wuce ruɓaɓɓen dutse ka shiga tsagar dutse mai ƙarfi, ka sa bututu, ka ɗora tanki. Babu salgar da za ta bi ka can.

Hajiya Mai Koko, Asawase:
Maigida, da wane kuɗin? Mu da muke gidan haya, ɗaki goma sha biyu, mai gidan yana can waje ko waya ba ya ɗauka. Ko kuɗin kwashe salga sai an yi rigima kafin a haɗa.

Ɗalibar Ruwa:
Maigida na Tafo, ban musa ba, borehol mai zurfi ya fi rijiyar hannu aminci wajen ƙwayoyin cuta, nesa ba kusa ba. Amma da sharaɗi. Ratar da ke tsakanin bututu da bangon rami, idan ba a cike samanta da siminti an toshe ba, ta zama hanya. Ruwan saman nan mai datti sai ya bi jikin bututun ya sauka har ƙasa, ka ga an kashe kuɗi an haƙa zurfi, ana shan ruwan sama-sama. Kai ka fi ni sanin cewa ba kowa ke yin wannan toshiyar ba.

Mai Haƙa Borehol, Tafo:
Wannan kam gaskiya ne, ba zan kare kowa ba. Mai gida zai ce ka rage masa kuɗi, wasu sai su rage a siminti da tsakuwa, don abin da ke cikin rami ba mai ganinsa. Na taɓa zuwa gyaran wani da aka haƙa shekara biyu kacal, da muka ɗaga murfin, hannu na zura ta gefen bututun har gwiwar hannu, babu komai sai iska. Akwai doka tun 2006 cewa mai haƙa sai da lasisi daga hukumar kula da albarkatun ruwa, amma mutane ba sa tambayar lasisi, farashi suke tambaya.

Sai dai ku 'yan jami'a ku ma kuna da naku. Ku zo ku ɗebi ruwa a kwalba, ku tafi, ku rubuta, ku samu digiri. Mai rijiyar bai sake jin komai ba har abada.

Ɗalibar Ruwa:
Wannan magana ta taɓa ni, don haka ake yi sau da yawa, kuma ba daidai ba ne. Wanda ya buɗe maka gidansa ya ba ka ruwa yana da haƙƙin ya san abin da aka gani a ciki, da harshen da yake ji. Dalilin da ya sa nake rubutu a zauren nan ke nan.

Malam Na Zaure, Sabon Zango:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko, kuma akwai wurin da nake so a gyara fahimta, don na san abin da mutanenmu za su ce. Mun karanta a fiƙihu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin najasa ba ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, kuma canjin da ya zo daga ƙasar da ruwan yake zaune a kanta ba ya ɓata shi. Mutane da yawa daga nan suke ɗauka cewa duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ya halatta a ɗura wa jariri. Ba haka ba ne. Wancan hukunci ne na ibada, an gina shi a kan abin da ido da hanci da harshe za su iya ganewa, don kada a ƙuntata wa mutane. Maganar sha kuwa tana ƙarƙashin hana cutar da kai da cutar da wani. Idan masana sun tabbatar akwai cuta a ruwa, ba ka da hujjar shayar da iyalinka shi don kawai ya yi fari. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya hana biyan buƙata a mashayar mutane. Wanda ya jira hadari ya haɗu ya buɗe bututun salgarsa cikin gota, ya duba wannan hani da kyau.

Hajiya Mai Koko, Asawase:
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi abin da ka faɗa na ƙarshe shi ne ke kashe mu. Da an fara yayyafi za ka ga yara da bokitin bola a ka, kowa yana rige-rigen juyewa a gota. Wasu kuma da dare suke sake na bayan gida. Da safe warin kaɗai ya ishe ka labari.

Ɗalibar Ruwa:
Malam ya taɓo ainihin bambancin da gwaji yake nunawa. Bari in faɗi yadda ake yi, don a daina ganin abin kamar tsafi. Ana zuwa da kwalbar da aka kashe duk wata ƙwayar cuta a cikinta, a ɗebi ruwan, a sa cikin akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa shida. Can a auni mililita 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, a tace shi ta wata 'yar farar takarda mai ƙananan ƙofofi da ƙwayar cuta ba ta iya wucewa. Sai a ɗora takardar a faranti mai abincin ƙwayoyin, a sa a na'ura mai ɗumi kwana ɗaya. Washegari kowace ƙwaya ɗaya ta hayayyafa ta zama ɗigo da ido ke gani, sai a ƙirga. Wadda ake nema sunanta E. coli, a hanjin mutum da dabba take zama, ganinta a ruwa shaida ce cewa kashi ya shiga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Ranar da na fara ganin farantin ruwan da ya fito garau daga guga ya wayi gari cike da ɗigo, har sun haɗe ba su ƙirguwa, ban iya cin abincin rana ba, don na tuna yaran da na gani suna sha a gidan.

Akwai kuma naitiret, wanda shi ma daga salga da taki yake zuwa. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Ya fi haɗari ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani, yana hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. Shi tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa kauri ma take yi, tunda ruwan ne ke ƙonewa shi yana nan.

Nas ɗin Unguwa:
Ina ƙara jaddada maganar jarirai: nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba su. Yaron da ya fara gudawa kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda tun a gida, da ƙwayar zinc kwana goma zuwa sha huɗu, a garzaya asibiti idan idonsa ya faɗa ko ya ƙi sha. Kada mu manta da 2014, lokacin da kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200, mafi yawa a Accra. Duk shekara ruwa na sauka muke ganin layin masu gudawa da taifod ya ƙaru.

Ɗan Nima, Accra:
Ina gaishe da mutanen Kumasi. Ku kuna maganar abin da ke nutsewa, mu a nan abin da ke gudu ne ke cinye mu. Abin mamaki, ruwan da ke sauka a Accra a shekara bai kai milimita 800 ba, ku kuna samun wajen 1,400, amma mu ne kullum a labarai. Babbar gotar Nima da ta Mamobi duk rafin Odaw suke zuba, Odaw ta wuce ta Circle, babbar mahaɗar tituna ta Accra, ta faɗa tafkin Korle. Daren 3 ga Yuni 2015 ina Circle da yamma, Allah ne ya sa na samu mota da wuri. Mutanen da suka fake wa ruwa a gidan mai, ambaliya ta kwaso mai ya bi saman ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Har yau idan hadari ya haɗu ina wajen nan gabana faɗuwa yake.

Dattijon Yalwa:
Allah ya jiƙansu. Ɗana na Nima, abin da ka faɗa shi ne nake son faɗa tun ɗazu. Yanzu kowa sai ya ce sauyin yanayi, sauyin yanayi. Ni ban ga ruwan sama ya fi na da ba. A da sai a kwana uku ana yi. Bambancin shi ne a da ruwa yana da wurin zuwa. Duk fadamun da ke bakin Aboabo da Subin da Sisa, inda ake noman rake da kayan miya, an cike su da bola da ƙasa an yi gini. Kumasi da ake kira birnin lambu, yau ina lambun? Ruwa bai manta hanyarsa ba, mu ne muka kwanta a kanta.

Ɗalibar Ruwa:
Baba, a nan ina bayanku, kuma lissafi yana goyon bayanku. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ke nan. Ɗauki rufin kwano mai mita 10 tsawo, 10 faɗi. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 ta sauka a kansa, wato galan Kufuor 200 mai cin lita 25. Idan daji ne ko gona, mafi yawan wannan ruwa ƙasa da ganyaye ne za su riƙe, kaɗan ne zai gudu, shi ma a hankali. A kan kwano da siminti da kwalta kuwa, wajen kashi takwas ko tara cikin goma gudu yake yi, kuma nan take. Yanzu ƙirga gidajen da ke tsakanin filin jirgi da Pelele, kowa ya dafe tsakar gidansa ya sa tayil har bakin titi. Duk ruwan nan a cikin minti kaɗan yake haɗuwa a rafi ɗaya da bola ta riga ta cike rabinsa.

Kuma asarar biyu ce. Ruwan da ya gudu ya yi ambaliya shi ne wanda da ya nutse ya cika rijiyoyinmu. Muna rufe ƙasa da siminti muna kuma ƙara huda ta da borehol.

Inda zan ɗan saɓa muku shi ne ba za a cire sauyin yanayi gaba ɗaya ba. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, to idan ta sako shi da ƙarfi take sakowa. Jimillar shekara tana iya zama kamar ta da, amma ruwan da a da yake sauka cikin kwana uku ya sauka cikin awa biyu. Ma'aunin ruwan sama da ake karantawa sau ɗaya a rana, kamar yadda aka daɗe ana yi, ba ya nuna wannan. Sai na'urar da ke rubuta saukar ruwa minti-minti, da ma'aunin tashin ruwa a cikin rafin kansa. Ƙananan rafukanmu na cikin gari su ne suka fi buƙatar irin wannan awo.

Ɗan Bakin Rafi:
Na yi shiru ina karantawa amma abin ya ishe ni. Ni ne wanda kuke cewa ya kwanta a hanyar ruwa. Ɗakina taku ashirin ne daga rafi. Kuna zaton don daɗi nake zaune a nan? Duk damina katifata a kan bulo take, takardun makarantar yarana a leda suke rataye a ƙusa. Ku nuna mini ɗakin da zan iya biyan kuɗin shekara biyu gaba ɗaya a kan tudu, gobe in tashi. Wanda ya sayar da filin fadama ya ci kuɗinsa, wanda ya sa hannu a takarda ya ci nasa, idan katafila ta zo ni za ta samu.

Dattijon Yalwa:
Ɗana, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba. Na san ba ɗan haya ne ya cike fadama ba.

Ɗalibar Ruwa:
Yaya na bakin rafi, maganarka tana kan hanya. Tun 2011 ƙasar nan take da tsarin barin fili a gefen ruwa, mita 10 zuwa 60 ga manyan koguna, a bar ciyawa da itatuwa su riƙe ƙasa su tace abin da ke gangarowa. Da an bi shi tun kafin a yanka filayen da ba a kai nan ba. Rushe ɗakin ɗan haya ba tare da an ba shi wurin zuwa ba, wata fadamar kawai zai koma. Kuma ruwan da ke shiga ɗakinka ba kai ka tara shi ba, daga rufin mutanen kan tudu ya gangaro.

Direban Obuasi:
Bari in sa baki, don ni ina ganin ƙarshen ruwan nan naku. Aboabo tana haɗuwa da Sisa, su faɗa Oda. A kan Oda ɗin nan, a Odaso, ake tace ruwan da Obuasi ke sha. Oda ta faɗa Offin, Offin ta faɗa Pra, Pra ta shiga teku a Shama. To bolar Pelele da baƙin man da ake zubarwa a gota ba ɓacewa suke yi ba, wajen wasu suke zuwa. Sannan 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, su ɗora nasu a hanya. Ku tsaya a kan gadar Dunkwa ku kalli Offin, kamar an dama kunu.

Ɗalibar Ruwa:
Abin da muke kira magangarar kogi ke nan: duk ƙasar da ruwanta ke tarar da kogi ɗaya. Kumasi gaba ɗayanta tana cikin magangarar Pra. Kaurin lakar ruwa ana auna shi da ma'aunin da ake kira NTU, ruwan sha bai kamata ya wuce 5 ba. A watan Agusta 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar cewa a matatar Sekyere Hemang da ke kan Pra, wadda ke ba Cape Coast da Elmina ruwa, awon ya kai wajen 14,000, alhali an gina matatar ne don ruwan da bai wuce 2,000 ba. Laka kuma ita ce abin da ido ke gani. Zaibar da ake kama zinariya da ita tana kwanciya a gindin kogi ta shiga kifi.

Mu ma pampon da muke jira daga madatsa biyu yake zuwa, Owabi da aka gina a 1928 da Barekese da ke kan Offin, wadda ita ce ke ɗauke da mafi yawan garin. Duk itacen da aka sare da gidan da aka gina a bayan madatsun nan, ƙasarsa cikin tafkin take ƙarewa, tafkin ya cike, kuɗin magani ya ƙaru.

Hajiya Mai Koko, Asawase:
'Yata, duk na ji, amma ki dawo da ni gida. Gobe da asuba zan ɗora tukunya. Me zan yi? Ni alam nake jefawa a baho, ruwan ya kwanta fes.

Ɗalibar Ruwa:
Hajiya, alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Amma kada ki bar shi, matakin farko ne mai kyau, don kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Ki sa alam, ki tsiyaye na saman a wani mazubi, sannan ki tafasa ko ki sa ƙwayar kulorin irin Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar, ki jira rabin awa. Kokon da ya tafasa ba shi ne abin tsoro ba. Ruwan da ake ɗauraye kofi da ludayi da shi, da wanda ake sirkawa bayan an sauke, su ne. Ki kuma samu mazubi mai ƙaramin baki, a daina tsoma moɗa da hannu.

Ruwan rufi ma dukiya ce da muke bari tana tafiya gota. Rufin nan mai mita 10 da 10 yana karɓar wajen lita 140,000 a shekara a garin nan, tsakanin babbar damina ta Maris zuwa Yuli da ƙaramar ta Satumba zuwa Nuwamba. A bar na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, a tari na baya a tanki mai murfi. Ko don wanki da wanka, ya rage wa gota kaya.

Mai Haƙa Borehol, Tafo:
Baban Biyu, tunda borehol ba yanzu ba, ga abin da za ka yi da kuɗi kaɗan. A fasa tsohon simintin bakin, a sake dafe shi da faɗi, a karkata shi waje, a yi masa 'yar hanya da za ta kai ruwan da ya zube nesa. A ɗaga bakin ya kai ƙugu. A liƙe tsakanin zobban da siminti, in da hali a ƙara zobe. Sannan a kwashe ruwan, a wanke ta da kulorin. Guga ɗaya tak, a rataye shi, kada ya taɓa ƙasa. Ina da aiki a Buokrom ranar Asabar, zan biyo in duba maka, ba sai ka biya ba.

Baban Biyu, Aboabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Tun jiya mun koma tafasa na sha. Na yi wa maƙwabcina maganar salgarsa bayan sallar Isha'i, da farko ya ɗan ji ba daɗi, amma da na nuna masa abin da aka rubuta a nan sai ya ce ai nasa yaran ma daga rijiyar suke sha. Ya ce ramin ya kusa cika, za mu haɗa kuɗi a kira mota ta zuƙe. Maigida na Tafo, ina jiranka Asabar. Ƙanwata ɗaliba, za a iya gwada mana ruwan?

Ɗalibar Ruwa:
Zan nemi izinin malamina gobe. Idan ya yarda zan zo kafin a taɓa rijiyar, in ɗiba, sannan in sake ɗiba bayan gyara, da kuma washegarin wani babban ruwan, don a ga ko gyaran ya yi aiki ko daga salgar ne yake shigowa ta ƙasa. Idan daga salgar ne, gyaran baki kaɗai ba zai wadatar ba, sai dai rijiyar ta koma ta wanki. Sakamakon kuma a hannunka zan kawo maka, in karanta maka shi da Hausa.

Hajiya Mai Koko, Asawase:
In kin zo ki taho da kwalba biyu, 'yata. Daga Aboabo zuwa wajenmu ba nisa, kuma tamu rijiyar gida huɗu ne suke sha.